Kurar da Baba Malam ya kama a littafina

Shekara uku na yi ina rubuta littafina a waya, da babban yatsa. Da na kammala na kai shagon kwamfuta aka buga, na rungumo shafi 140 zuwa zauren Baba Malam kamar mai kai jariri gidan kakanni.

Baba Malam tsohon marubuci ne, ya girmi mahaifina. Abotarmu ta shayi ce da gardama. A zaurensa akwai tarin tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma ba ya gajiya da tuna min cewa tun 1939 aka fara buga ta a Zariya, wai kafin a haifi iyayina. Da tafireta ya yi nasa littattafan, in ya gama ya bi da biro yana yi wa kowace ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasa.

Ni kuwa wayata ba ta san lanƙwasa ba, ni ma ban damu ba.

Ranar abokansa uku na nan. Ya gyara tabarau, ya buɗe daidai wurin da na fi ji da shi, inda masoya ke rabuwa a tasha, ya karanta da ƙarfi yadda na rubuta:

"Mota ta tashi, kura ta shiga idon Ladidi."

Ya ɗago. "Ɗan nan, kura sukutum? Da jelarta?"

"Allah gafarta Malam, ƙura nake nufi."

"To, abin da kake nufi yana cikinka. Ni abin da ke takarda nake karantawa."

Ya ci gaba. Amarya ta wanke baki ta zuba musu tuwo. Sarki ya yi wanka ya sa alkyabba ya zauna a faɗa, don can kuma neman gyara na yi, na sa lanƙwasa inda ba a gayyace ta ba. Wani dattijo ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, ni aka aika ɗebo ruwa.

Wata biyu ina bin kalmomi ɗaya-ɗaya.

Sai ran nan saƙonsa ya shigo: "In ka bi ta Kurmi ka sayo min koko." Da azahar tsaka na ratsa kasuwar Kurmi ina tambayar mai koko, 'yan kasuwa na kallona kamar sabon taɓi. Da kyar na samu ragowar na safe wajen wata tsohuwa, na haɗa da ƙosai mai sanyi don ladabi.

Ya kalli ledar, ya kalle ni.

"Ƙoƙon shan fura na ce."

Zuciyata fari ƙal, na miƙa masa wayar. "Baba, ni abin da ke takarda nake karantawa."

Ya duba saƙon ya daɗe. Sannan ya ce ai wannan gilashi ne, ba takarda ba. Ya kwance ledar ya shanye kokon, ya ce gobe in koma Kurmi.