Copilot bai sallami babban injiniya ba

Ana yawan cewa tunda GitHub Copilot, na'urar basirar wucin-gadi (AI) da ta fito a 2021, da ire-irenta suna rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, cikin daƙiƙu, babban injiniyan manhaja ya zama ɗan kallo. Kuskure ne. Dama can aikinsa shi ne tsara yadda sassan manhaja za su haɗu, da tantance abin da wasu suka rubuta, kuma tantancewar ce yanzu ta ƙaru.

Ka ce wa na'urar ta ciro kwastomomi 5,000 da odar kowannensu. Tana iya rubuta kod mai tambayar rumbun bayanai sau ɗaya don ciro kwastomomin, sannan sau ɗaya kan odar kowane mutum: tambaya 5,001 ke nan, inda biyu sun isa. A gwaji da mutum 10 lafiya lau, sai an saki manhajar sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da ita, ta durƙushe. Wani lokacin ma na'urar takan ƙago sunan laburare (tarin shiryayyen kod da ake ɗaukowa a yi amfani da shi) wanda babu shi, ɓata-gari kuwa na iya yi wa sunan rajista su cusa mugun kod. Gwajin da ta rubuta da kanta yakan goyi bayan kuskurenta ne, shi ya sa injiniyan ke gindaya sharuɗɗan gwaji tun kafin ya ba ta aikin.