Pen y Fan ba yawon shan iska ba ne

Wai wani mai labari cewa yake kowa zai iya hawa Pen y Fan, dutsen da ke yankin Wales na Birtaniya, cikin sauƙi, haba malam! Mita 886 ne fa, sojojin Birtaniya ma can suke zuwa atisaye, kuma yanayin Wales ba shi da alƙawari, ka fito rana tsaka hazo ya rufe ka ko gabanka ba ka gani, ga ruwa ga iska. Ni da na je da kambas sai da na raina kaina, santsi kawai. Mai son sauƙi ya bi bakin kogin Wye wajen ƙauyen Tintern, inuwar itatuwa har ka gaji. Kai kuma mai cewa ka hau Snowdon, wani dutsen na Wales, da ƙafa ko dai jirgin ƙasan da ke hawa dutsen daga ƙauyen Llanberis ne ya kai ka?