Masu wa'azin cancanta, ku ɗan saurara mana

Tun jiya nake ganin bidiyon nan da kuke ta yaɗawa, na saurayin Indiya mai kukan ya ci maki mai yawa a jarrabawar shiga karatun likita amma aka ba ɗan Dalit, wato zuri'ar da tsarin gado na Indiya ya ajiye a can ƙasa har ake ƙyamar taɓa su, gurbi da makin da bai kai nasa ba. Kukan yaron bai dame ni ba, ya sha wuyar karatu, dole ya ji ciwo. Waɗanda suka ƙular da ni 'yan'uwanmu ne da suka yi dafifi a ƙarƙashin bidiyon, wannan ya ce zalunci ne, wancan ya ce a bar cancanta ta yi aikinta. Har da wani bawan Allah da na san jiharsa, na kuma san ƙofar da ya bi ya shiga jami'a. Malam, yau kai ne limamin cancanta? Tabɗijam!

Ku daina magana kamar ranar da aka ware wa Dalit gurabe aka fara rabon gurabe a Indiya. Da can ma akwai rabo, sai dai kashi ɗari bisa ɗari ne, kuma na manyan gida ne. Ɗaruruwan shekaru, karatu na zuri'ar Brahmin ne, wato malaman addinin Hindu da ke can saman tsarin, da makamantansu. Wanda aka haifa a gidan masu kwasar bahaya ko masu jima, a nan zai tsufa, a nan ɗansa zai ɗora. Babu jarrabawa, babu maki, haihuwa ce kawai. A duk tsawon wannan zamani wa ya yi kukan cancanta?

Ambedkar, wanda ya shugabanci kwamitin rubuta kundin tsarin mulkinsu na 1950, ɗan Dalit ne. Yana yaro a makaranta, buhu yake zuwa da shi daga gida ya zauna a kai can gefe. In ƙishirwa ta kama shi ba shi da ikon taɓa famfo, sai masinjan makaranta ya zo ya buɗe masa. Ranar da masinja bai zo ba, haka zai wuni babu ruwa. Wannan yaron ne ya je Amurka da Landan ya yi digirin digirgir. Yara nawa masu ƙwaƙwalwa irin tasa suka ƙare a bakin kwata ba a ko san sunansu ba? Su ba su cancanta ba ne, ko ƙofa aka rufe musu?

Za ku ce ai wannan tarihi ne. To a 2022 ne, ba a zamanin Bature ba, yaro ɗan Dalit mai shekara 9 ya rasu a gundumar Jalore ta jihar Rajasthan bayan dukan da malaminsa ya yi masa, iyayensa kuma suka ce laifinsa ya taɓa tulun ruwan da ba na irinsu ba. An haramta sa mutum kwasar bahaya da hannu a 1993, aka sake yin wata dokar a 2013, amma har gobe mutane na shiga ramin masai iska mai guba ta kashe su, kuma mafi yawansu 'yan Dalit ne. Wallahi duk lokacin da na tuna yaron nan na Jalore sai jikina ya yi sanyi. Ruwa fa. Ruwan sha.

Kuma nawa ne ma rabon? A gwamnatin tarayyar Indiya kashi 15 na Dalit, 7.5 na ƙabilun daji da tsaunuka, wato kusan daidai yawansu a ƙidayar 2011. Sai 27 na sauran zuri'o'in da aka bari a baya, wanda gwamnatin V. P. Singh ta zartar a 1990 bisa rahoton kwamitin Mandal, har wani ɗalibi a Delhi ya cinna wa kansa wuta don adawa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, mun yarda. Amma in kai ka hana shi kwanciya, ba ka da bakin yi masa gorin makara.

Wai ɗan attajirin Dalit ne ke cinye rabon talakan Dalit. E, ana yi. Sai a gyara. Tun 1992 kotun ƙolinsu ta ce a fitar da 'ya'yan masu hali daga cikin kashi 27 ɗin nan, a 2024 kuma ta ba jihohi damar karkasa rabon Dalit don ya kai ga na can ƙasa. Wai talakan Brahmin fa? An ba shi nasa kashi 10 tun 2019, kuma abin mamaki, ranar da rabo ya iso gidansu sai maganar cancanta ta yi tafiya. Ga zuri'ar Patel a Gujarat a 2015, ga zuri'ar Jat a Haryana a 2016, masu gonaki da dukiya, sun rufe tituna suna neman a rubuta su cikin waɗanda aka bari a baya. Ashe abin da daɗi. Kujerun makarantun likita masu zaman kansu da ake saye da tsabar kuɗi kuwa, ban taɓa ganin kun yaɗa bidiyon mai kuka a kansu ba. Ɗan mai kuɗi ya shiga da ƙaramin maki, shiru. Ɗan mai shara ya shiga, cancanta ta mutu.

Mu kuma 'yan Arewa, laifi tudu ne. Jami'o'in tarayya a Najeriya kashi 45 ne kawai suke ɗauka da zallar maki, 35 na yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da ilimin boko ya yi wa nisa, kuma mun san su waye suka fi yawa a wannan jerin. Sashe na 14(3) na kundinmu ma rabon muƙamai yake nufi. In ɗan Kudu ya zage mu a kan makin shiga makarantun haɗaka, nan da nan za mu ɗauko tarihin yadda boko ya riga isa Legas da Abeokuta. Hujjar ta yi mana daidai, amma ta yi wa Dalit yawa? Haba jama'a.

Shi kuma mai cewa ba zai yarda likitan da ya shiga da rabo ya taɓa shi ba, jarrabawar fita iri ɗaya suke yi, ɗan'uwa. Mutanenmu nawa ke zuwa Delhi da Chennai dashen ƙoda? Wa ka ji ya tashi daga kan gado ya tambayi likita sunan kakansa?