Gimbiya da Ɓeran Firiza

Cika baki ne ya ja min. Wani Bature abokin aikina a nan Manchesta zai koma Ostireliya da zama, ƙasar can kuwa ba ta yarda a shigo mata da macizan waje, shi ne yake neman wanda zai karɓi macijiyarsa. Muna shan shayi ya juyo ya ce min, "Ai 'yar wajenku ce, kakanninta daga Afirka ta Yamma suka zo." Maimakon in kurɓi shayina in yi shiru, sai na gyara zama na ce mu a gida maciji ba abin tsoro ba ne, tare muka tashi. Allah ya yafe min. Ni da na taɓa haura katangar maƙwabta a Kano saboda igiyar guga.

Ranar Asabar sai ga shi a ƙofar gida da akwatin katako mai ƙofar gilashi, tsawonsa ya kai ƙaramin gado. A ciki ga wata 'yar mesa ta dunƙule kamar gammo, ta cusa kanta a tsakiya. Ba irin ƙatuwar da ake cewa tana haɗiye akuya ba ce, wannan tsawonta mita ɗaya ne da 'yan kai, ba ta da dafi, in ta tsorata dunƙulewar nan ita ce iyakar faɗanta. Amurkawa kan ce mata mesar ƙwallo saboda haka, a nan Ingila kuwa mesar sarauta ake ce mata, shi ya sa 'yata ta raɗa mata Gimbiya. Daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da dubban irinta duk shekara, a garin Wida na Benin ma har ɗakin bauta suke da shi. Yana shiga mota ya leƙo ta taga ya ce in ta samu kulawa za ta iya kaiwa shekara 30. Na tsaya ina lissafi da yatsu: ke nan ni da ita sai mun ga wanda zai riga wani.

Uwargida ta dube ni, ta dubi akwati, ta ce, "Abban yara, kyauta ka ce ko?" Na ce kyauta. Ta ce, "To, madalla." Duk wanda ya yi aure ya san akwai madallar da ba ta godiya ba ce.

Rigimar farko ta wuta ce. A daji wannan halitta a ramin ɓera da tsohon suri take kwana, saboda haka dole a kawo mata yanayin gida cikin akwati: ɓangare ɗaya digiri 32, ɗayan wajen 26, danshin iska kuma kashi 60 cikin 100, dare da rana. Ni ne fa mai bin ɗaki-ɗaki yana kashe hita, yana cewa kowa ya ƙara rigar sanyi don kuɗin wuta ya yi yawa. Sai ga uwargida zaune a falo cikin suwaita biyu da safa, Gimbiya na miƙa cikin ɗumi kamar watan Afrilu a Sakkwato. Ta ce, "Ashe akwai 'yan Afirkan da ake tausaya wa a gidan nan."

Sai batun ci. A nan ba a saba ba su ɓera mai rai ba, domin ɓera in ya ga mutuwa yakan ciji macijin ya ji masa mugun rauni. Daskararre ake saya a shagon dabbobi. Na tsaya a layi, ni ɗan gidan da ake ba almajiri lada in ya kashe ɓera, na ciro katin banki na biya kuɗin ɓeraye goma, farare sol, an jera su cikin leda kamar tsiren da ba a gasa ba. Yarinyar shagon har tana koya min yadda ake zaɓa: kaurin ɓeran kada ya wuce inda jikin macijin ya fi kauri, babbar mesa kuma sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14 ya ishe ta. Na dawo gida na juye su a tsohuwar robar askirim, na tura can ƙarshen firiza bayan kayan miya da naman layya.

Kwana uku asirina ya yi. Ina bene na ji salati mai ƙarfi, sai ƙarar roba a ƙasa. Na sauko na tarar da 'yata riƙe da cokali da kofi, uwarta jingine da bango, ɓeraye goma sun watsu a tsakar kicin suna ƙwal-ƙwal kamar duwatsun dara. Washegari na sayi ƙaramar firiza ta musamman.

Ƙa'idar ita ce a bar ɓeran ya narke a hankali, sannan a sa shi a leda a tsoma cikin ruwan ɗumi. Dalili kuwa, Gimbiya ba da ido kawai take farauta ba, akwai wasu 'yan ramuka jere a leɓenta na sama da take jin ɗumin jikin abin da za ta kama. Ɓera mai sanyi a wurinta dutse ne. Ni kuwa na dawo aiki a gajiye, na ce me zai hana in taƙaita hanya? Na saka shi a na'urar ɗumama abinci na danna minti biyu. Ba a cika minti ɗaya da rabi ba na ji "fus!" Ba zan bayyana abin da na gani ba, don wataƙila wani na cin abinci. Warin dai ya kwana uku, na'urar kuma uwargida ta ce ko an wanke ta da ruwan zamzam tuwonta ba zai sake shiga ciki ba. Na sayi sabuwa.

Daga nan na koma bin ƙa'ida sau da ƙafa. In narkar, in ɗumama, in busar da kan ɓeran da drayar gashin uwargida (wannan ma ta gano daga baya, ita ma na sayi sabuwa), in kama shi da dogon hantsaki, in durƙusa gaban akwati ina rausaya shi don ya yi kamar mai rai. Magidanci mai digiri biyu, ƙarfe goma na dare, yana sa mataccen ɓera rawa. Gimbiya takan leƙo, ta zaro harshe sau biyu, ta dube ni irin kallon da surukai ke yi wa kayan lefen da bai cika ba, ta koma ɗakinta. Ɓeran da ya narke kuma ba ya komawa firiza, sai shara.

Mako ɗaya, biyu, huɗu, bakwai, ta ƙi ci. Na rame, ita ba ta rame ba. Ina aza ta a sikelin kicin duk Lahadi, tana nan a giram 1,400, abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. Ana cikin haka na wayi gari na ga idanunta sun yi fari-fari kamar mai yana, fatarta ta dushe. Na ce shi ke nan, na makantar da amanar Bature. Na nannaɗe ta a rigar filo na yi asibitin dabbobi. Likitar ta duba ta na minti biyar ta yi murmushi ta ce saɓa za ta yi, haka idonsu ke yi kafin su tuɓe tsohuwar fata, in ƙara mata danshi kawai. Ƙin ci kuwa ɗabi'arsu ce: sauyin gida, lokacin sanyi, yawan ɗauka, kowanne kan sa su yi watanni ba su ci ba. Ta tambaye ni sau nawa nake taɓa ta. Na ce kullum, don ta saba da ni. Ta ce to ni ne matsalar. Na biya kuɗi mai kauri don a gaya min abin da uwargida ke faɗa kyauta.

Daren da ta gama saɓa na manta ban ja gilashin ya rufu ba. Da asuba akwati wayam, sai tsohuwar fata kamar safar da aka tuɓe. Muka birkita gida. Uwargida ta hau kan teburin cin abinci da carbi, daga can take ba da umarni. A daidai lokacin Hajiya ta kira ta bidiyo daga Kano, 'yata ta ɗauka, ta ce, "Hajiya, macijin Abba ya ɓata." Shiru ya biyo baya. Sai na ji muryar Hajiya: "Ba ni shi. Kai, karatu na tura ka ko gardanci?" Ta ce tun da macijin gida ne in yi masa gargaɗi na kwana uku ya fita, kada ya zama mutanen ɓoye ne. Na ce, "Hajiya, ai so nake ta fito, ba ta fita ba." Sai bayan azahar muka same ta a bayan firij, inda injin ke fitar da ɗumi, ta dunƙule tana barcinta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ta ci. Mako na tara, na bar ta kwana bakwai ban taɓa ba, na shirya ɓera, na durƙusa zan fara rawar da na saba. Uwargida ta zo wucewa ta ce, "Abban yara, kai in an tsaya a kanka ana kaɗa maka loma a hanci za ka ci? Ajiye mata a bakin ƙofa, kashe fitila, ka zo ka kwanta." Na yi hakan don kawai in nuna mata ba ta san kan maciji ba. Da safe babu ɓera, sai wani ɗan tudu a tsakiyar Gimbiya. Na miƙa hannu zan ɗauko ta don murna, uwargida ta buge min hannu ta ce sai bayan awa 48, in ba haka ba amai za ta yi. Ashe ta karance takardar da likita ta ba ni, wadda na bari a mota.

Da na ba Hajiya labari ta tambayi nawa nake sayen ɓera ɗaya. Na faɗa mata da fam, ƙanena ya juya mata zuwa naira. Ta yi salati, ta ce akwai su fal a sito suna cinye mata masara, in turo kuɗin jirgi kawai. Na ce na gida ba za su yiwu ba, wani irinsu ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Ta ce, "To turo mesar."

Uwargida daga kicin ta ce, "Hajiya, ba inda Gimbiya za ta je. Shi dai in kina so, ga shi nan."