Takardar ECG guda ɗaya ba ta wanke dangi

Watanni kaɗan bayan rasuwar ɗan yayata, matashi mai shekara 24 da ya kwanta lafiya ƙalau aka wayi gari babu rai, ƙannensa biyu suka je wani asibiti a Kano aka yi musu gwajin ECG, wato gwajin da ke zana lantarkin bugun zuciya a takarda, suka turo mini hoton takardun ta WhatsApp nan Ingila, inda nake aikin jinya a sashen masu ciwon zuciya. A saman kowace takarda na'ura ta buga cewa komai daidai yake, kuma da wannan layi guda aka sallame su.

Ban ga laifin na'urar ba, domin irinta muke amfani da ita a nan. Bambancin yana wajen mai karatu. Idan ana zargin ciwon zuciya na gado, likita a nan yakan auna tazarar QT da hannunsa, wato lokacin da zuciya ke ɗauka daga harbawar lantarkinta zuwa sake shirinta, sannan ya daidaita shi da saurin bugu. Idan ta kai milisakan 480 (milisakan dubu ke yin daƙiƙa ɗaya) a gwaji fiye da ɗaya, an tabbatar da ciwon doguwar QT, ko da yake akwai masu ɗauke da shi da takardarsu ke fitowa tsaf. Ciwon Brugada kuwa, wani ciwon lantarkin zuciya na gado da aka bayyana a 1992, ya fi iya ɓuya, domin alamarsa a V1 da V2, wato wayoyi biyu na ECG da ake mannawa a ƙirji, yau tana nan gobe babu, wani lokaci sai an ɗaga wayoyin zuwa saman ƙirji, ko an yi allurar ajmaline likita na tsaye a kai, kafin ta fito.

Abin da ke hana ni barci shi ne zazzaɓi yana tayar da Brugada, kwinin da kulorokwin kuma suna ƙara tsawon QT, ga shi a gida mutum yakan sayi maganin zazzaɓi a kemis ba tare da kowa ya san irin zuciyar da ya gada ba.

A Ingila irin wannan mutuwa takan kai ga binciken gawa, daga nan a gayyaci iyaye da 'yan'uwa da 'ya'ya, domin galibi kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Mu mukan yi jana'iza a ranar, kuma ban ce a sauya wannan ba, amma tambayar masu rai ba ta saɓa wa yarda da ƙaddara ba. Na ce wa Yaya ta tuna ko akwai wanda ya taɓa suma yana gudu, ko wanda aka ce farfaɗiya gare shi. Ta yi shiru a waya, can ta ambaci Kawu, gwanin iyo, wanda ya nutse a kududdufin da bai kai masa wuya ba. Yaran za su koma a sake gwajin, wannan karon wajen likitan zuciya, da labarin Kawu a rubuce.