Gidajen kallon Zango na mutuwa, kowa ya naɗe hannu

Wai sai gidan kallo na ƙarshe a Nima ya koma shagon siminti sannan za a ce an yi asara? Rex da Roxy da Orion da Opera a Ankara babban birnin Gana, Dunia a unguwar Nima, Rivoli da Odeon a Kumasi, duk wanda ya haura shekara hamsin ya san irin layin da ake ja a ƙofarsu. Yau wasu sun zama coci, wasu sito, wasu kango. A 1964 gwamnatin Nkrumah ta kafa kamfanin fim na ƙasa, GFIC. A 1996 aka sayar wa wani kamfanin Malesiya kashi 70 cikin ɗari nasa, hankali ya koma kan talabijin, silima ta zama marainiya. Abin da ya rage wa talakan Zango shi ne ƙananan ɗakunan nan masu benci da majigi ɗaya, waɗanda wani bawan Allah ya haɗa da guminsa a Mamobi ko Sabon Zango ko Aboabo. Su ma ga shi ana shaƙe su muna kallo.

Kada wani ya ce mana ai akwai babban gidan silima na Silverbird a Accra Mall tun 2008. Akwai mana. Amma magidanci mai 'ya'ya biyar zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya sayi tikiti bakwai, kuma ba fim ɗin Hausa zai tarar ba. Wannan ba namu ba ne.

Wuta ce babbar makashiya, kuma waɗanda ba su cikin sana'ar ba su san ta yadda take kisa ba. Ƙwan majigi na yau da kullum, a takarda, yana yin awa 3,000 zuwa 5,000. Amma da sharaɗi: idan an gama fim, a kashe shi ta maɓallinsa, a bar fankar cikinsa ta ci gaba da juyawa minti ɗaya ko biyu har ya huce. To idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar fim, fanka ta tsaya cak, zafi ya taru a jikin ƙwan. A yi haka sau da yawa, hoto ya fara dushewa, fari ya koma ruwan ɗorawa, wata rana sai a ji ƙara, ƙwan ya fashe tun bai ci rabin kwanansa ba. Dawowar wutar ma wata masifa ce, don takan zo da ƙarfi fiye da bolt 230 da aka san ta da shi, ta ƙona allon wutar majigin ko amfilifaya. Maganin sananne ne: sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta a gaba, sannan UPS, wato na'ura mai batirin ajiye wuta, ko da ƙarami mai kVA 1, wanda zai riƙe majigin na 'yan mintuna a kashe shi cikin mutunci. Duk waɗannan kaya, har da ƙwan kansa, daga waje ake shigo da su da dala, kuma a wani lokaci a 2022 sidi, kuɗin Gana, ya zubar da kusan rabin darajarsa. Majigi mai leza yana kaiwa awa 20,000 ba canjin ƙwai, amma wa ke da kuɗinsa a unguwa irin Asawase ta Kumasi?

A yi lissafin ɗaki mai cin mutum tamanin. Majigi wat 300, kayan sauti kamar 400, fankar silin takwas kowacce wat 75, ga fitilu da dikoda: an tasar ma kilowat ɗaya da rabi. A ƙara esi biyu manya, an wuce kilowat biyar, shi ya sa yawanci ake haƙura da fanka, jama'a su yi ta sharce gumi a watan Maris. Mitar kuma ta kasuwanci ce, ba ta gida ba. In wuta ta tafi, janareta mai kVA 5 zai sha kusan lita 2 na fetur a awa, fim ɗin Indiya na awa uku ya lashe cinikin daren. Mutanen da suka sha dumsor, wato matsalar ɗauke wuta, na 2015, suka sha kullen korona da ya rufe gidajen silima tun Maris na 2020 har sama da shekara guda, wane jari ya rage musu?

Ƙurar hunturu ma ba ta bari. Daga Disamba zuwa Fabrairu dole a zare matatar iskar majigi duk mako a busa, in ba haka ba ya toshe, ya yi zafi, ya kashe kansa daidai lokacin da labari ya ɗau zafi.

Sai masu karɓar kuɗi. Takardar izinin kasuwanci daga majalisar gunduma duk shekara, takardar shaidar 'yan kwana-kwana, lasisin nuna fim a ƙarƙashin doka mai lamba 935 ta 2016 wadda ta haifi Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, kuɗin masu haƙƙin mallaka, ga kuɗin DStv na kasuwanci ga mai haɗawa da ƙwallo. Ba mu ƙi doka ba. Ƙofa biyu masu buɗewa waje, da tukunyar kashe gobara, da fitilar gaggawa, wajibi ne, rai ya fi kuɗi. Abin da ke ƙona mana rai shi ne, kowa ya san hanyar ɗakin nan ranar karɓa, ba wanda ya san ta ranar bayarwa. Dokar nan ta 2016 da kanta ta tanadi asusun bunƙasa harkar fim. Me zai hana a ware wani kaso a ba masu ƙananan ɗakuna rancen majigi mai leza da sola, su riƙa biya wata-wata? A 2023 an yi babban taron silima na Afirka a nan Ankara, an yi ta maganar ƙarancin allon kallo a nahiyar. To ga alluna nan a lungunan Zango suna ruɓewa.

Kuma a daina zagin masu ɗakunan nan da ɓarayin fim alhali an toshe musu ƙofar halal. Sabon fim na manyan kamfanoni yana zuwa ne a kulle, a tsarin da ake kira DCP, da mabuɗin da ke aiki a na'ura ɗaya tak na 'yan kwanaki. Na'urar da ke buɗe shi ta kai dubban daloli masu yawa, sannan dillali ya kwashe kusan rabin kuɗin ƙofa. Mai benci ashirin ina zai sa kansa? Masu shirya fim na Kumasi da Tamale da Kano su ne ya kamata su buɗe wata hanya: a ba ɗaki fim a filas da yarjejeniyar mako ɗaya ko biyu kafin a ɗora shi a YouTube, a raba ciniki bisa tikiti mai lamba, a tura kason mai fim ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, duk dare.

Mu ma 'yan unguwa da namu laifin. Saurayi zai ƙona kuɗi a data yana kallo a waya shi kaɗai, amma a ƙofar gidan kallo sai ya ce “Alhaji, ai ni na gida ne”, ya shige da abokai uku. Wani ya ɗaga waya ya naɗe fim ɗin daga allo, kafin asuba ya zaga WhatsApp. In ɗakin ya rufe, mai tsire da mai koko da ƙosai da ke bakin ƙofa su ma sun tashi. Iyaye da malamai masu ƙorafin tarbiyya, maganarsu tana kan hanya, kuma gyaranta mai sauƙi ne: lokacin yara ya ƙare kafin magariba, a manna matakin shekarun kowane fim a ƙofa, a tsayar da kallo lokacin salla, a ware wa mata da iyali ranarsu da bencinsu. Sarakunan Zango da 'yan majalisar gunduma na Ayawaso ta Gabas da Asokore Mampong su kira masu ɗakunan nan su zauna, a ƙirga nawa suka rage, a nema musu rangwamen kuɗin izini a kasafin shekara mai zuwa.