Ɓeran mujallar Frontiers da daddawar jami'o'inmu

Tun da hoton ɓeran nan ya fito a watan Fabrairun 2024, bai daina yawo a wayoyin malaman kimiyya a nan Zariya ba, kuma duk wanda ya turo shi sai ya haɗa da dariya. Wanda bai gani ba ya ji labari: mujallar Frontiers in Cell and Developmental Biology, mai buga bincike kan ƙwayoyin halitta, ta wallafa maƙala ɗauke da zanen ɓera mai al'aurar da ta fi ƙarfin jikinsa, kewaye da rubutun da ba shi da ma'ana a kowane harshe. Marubutan ma ba su ɓoye ba, sun rubuta cewa Midjourney, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai zana hotuna, ce ta zana musu. Haka maƙalar ta bi ta hannun edita da masu tantancewa ta fito, sai da jama'a suka yi ca a intanet sannan aka janye ta cikin 'yan kwanaki.

Dariyar ce ta ishe ni. Mujallar da ta buga wannan abin kunya tana cikin Scopus, jerin mujallun bincike da ake ɗauka an tantance su, tana kuma da makin tasirin da kamfanin Clarivate ke bayarwa, wato dai irin mujallar da kwamitocin ƙarin girma a jami'o'inmu suka dage cewa sai ita. Da a ce ɗaya daga cikinmu ne ya sa sunansa a maƙalar, kuma ya miƙa takardunsa kafin a janye ta, da an ƙirga masa cikakken maki ba tare da kowa ya buɗe shafin farko ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A fannin nazarin ƙwayoyin halitta hoto shi ne shaida. Duk dogon bayanin da mai bincike zai yi, ƙarshensa sai ya nuna abin da ya gani a ƙarƙashin madubin likita, domin gani ya kori ji. To, yaya ake samo hoton a wurinmu? A wani ɗakin gwaji da ba zan ambaci sunansa ba, na tarar da wata ɗalibar digiri na biyu da ta shafe mako uku tana neman hoto guda mai kyau na ƙwayar cutar sammore a jinin saniya. Ta shafa jinin a gilashi, ta rina shi da rinin Giemsa, ta ɗiga mai, ta sauko da idon madubi mai lamba 100, sannan ta kanga kyamarar wayarta a inda ake sa ido, tana riƙe numfashi don kada hannu ya yi karkarwa. Ƙurar hunturu ta shiga madubin, damina ta bar masa funfuna, saboda haka kowane hoto sai ya fito da wani baƙin ɗigo a gefe. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, ta koma haska gilashin da tocilan. Da ta gaji ta ce da ni: "Malam, akwai wani mai kafen intanet da ke goge irin wannan ɗigon, har ya ƙara wa ƙwayar haske. Laifi ne?"

Laifi ne, kuma tsohon hukunci ne. Tun 2002 mujallar Journal of Cell Biology ta fara bin hotunan duk maƙalar da ta amince da ita ɗaya bayan ɗaya, bisa ƙa'ida mai sauƙi: ana iya ƙara wa hoto haske gaba ɗayansa matuƙar ba a ɓatar da komai ba, amma ba a goge wani ɓangare, ko a matsar da shi, ko a dasa wani. Ba a taɓa karantar da ɗalibar wannan ƙa'ida ba. Abin da aka nanata mata shi ne ba za ta kare kundinta ba sai ta kawo shaidar wallafa.

Masu ganin sunan mujalla ya wadatar su duba abin da ke faruwa a manyan gidajen da suke yi wa kallon tsarki. A 2016 Elisabeth Bik da abokan aikinta sun tace maƙalu sama da 20,000, suka iske kusan kashi 4 cikin ɗari na ɗauke da hotunan da aka maimaita ta hanyar da ba ta dace ba. A 2023 shugaban Jami'ar Stanford da ke Amurka ya sauka daga kujerarsa bayan an gano maguɗin hotuna a maƙalun da ke ɗauke da sunansa, duk da cewa binciken bai ce shi ya yi da hannunsa ba. A shekarar kuma an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya, mafi yawansu daga mujallun kamfanin wallafa na Hindawi, waɗanda malamanmu da dama suka biya dala suka shiga saboda an ce musu suna cikin jerin da ake so.

Batun dala kuwa ya fi komai ciwo. A 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a kan duk mai son a buɗe maƙalarsa ga kowa kyauta, kuma matsakaitan mujallu ma dubban daloli suke karɓa, ga naira ta zube tun 2023. Malami zai ci bashin ƙungiyar adashi ya biya kuɗin wallafa, alhali ɗakin gwajinsa ba shi da kwalbar rini mai kyau, kuma firizar da samfurinsa ke ciki tana narkewa duk lokacin da man janareta ya ƙare. Abin takaicin shi ne masana ƙwayoyin halitta da kansu ne suka tsara sanarwar DORA a taronsu na San Francisco a 2012, inda suka nemi a daina auna mai bincike da makin mujalla. Abin da masu shi ke neman yarwa shi muka tsince muka ɗora a kai.

Za a ce in aka saki Scopus za mu koma mujallun bayan gida da ɗauki-ɗora, kamar dai ƙirgen maƙalu ya taɓa hana ɗan lelen shugaba wucewa. Masu cewa a sayo manhajar kama hoton jabu kuma so suke a ƙara wa 'yan kwangila hanyar ci. A garin nan marigayi Farfesa Andrew Nok ya yi aikinsa kan sammore har ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin gas na NLNG a 2009, kuma duk wanda ya san aikin zai gaya maka abin da ya gano kafin ya tuna yawan maƙalunsa.

Mafita ita ce kwamiti ya buƙaci maƙala biyar kacal daga mai neman ƙarin girma, ya zauna ya karanta su, ya ce a kawo ainihin hotunan yadda suka fito daga na'ura tare da littafin aikin ɗakin gwaji. Wani kaso na kuɗin da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ke zubawa a gine-gine ya koma wanke madubai, da horar da masu kula da su, da sa wa firiza wutar sola. Ita dai ɗalibar ta bar ɗigon a hotonta, ta rubuta a ƙarƙashinsa cewa daga madubi yake, kuma har yanzu tana neman mujallar da kuɗin aljihunta zai iya biya.